Wata bakwai a kan bencin yara

Shekarata 66, kuma da yatsana na buga wannan rubutu a waya, ko da yake jikata ta bi ta gyara mini wasu wurare. Ajin manya na bayan La'asar da ake yi a firamaren unguwarmu nake son in faɗi albarkacin bakina a kansa, don abokan hira sun dame ni da tambaya.

Na yi allo tun ina ƙarami, ajami ba ya ba ni wuya. Boko ne ya wuce ni. Da aka kawo UPE, shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, a 1976 ina yaron mota a hanyar Kano zuwa Legas. Da Gwamna Abubakar Rimi ya kafa hukumar ilimin manya ta Kano a 1980 kuwa na kama sitiyari, wa ke da lokacin zama aji? Gari da gadarsa da mai shayinsa nake gane shi, allon hanya sai kallo. Da aka cire ajami daga ƙananan takardun naira a 2007, ɗan abin da nake karantawa a aljihuna ma ya ragu. Sai da gwiwa ta sa na ajiye mota lokaci ya samu.

Malaminmu sa'an ɗana na uku ne, amma ya san hannunsa. Ranar farko ya tambayi waɗanda suka iya ajami, kusan rabin ajin muka ɗaga hannu. Sai ya rubuta harafin "ba" na ajami da wasalinsa uku, ya jera na boko a ƙarƙashi: wasalin sama shi ne a, na ƙasa i, rufu'a u. Wallahi nan take kaina ya buɗe. Ashe guzurina na zo da shi. Hannu ne dai ya yi gardama, sati uku yana janyo ni daga dama. Sai kuma haruffa masu lanƙwasa. Wata rana na so in rubuta na yi baƙi, na rubuta na yi baki. Malam ya duba ya ce, "Baba, ai bakin tun da can kana da shi." Har wani tsohon mahauci sai da ya yi tari don dariya. Da ina ɗan talatin da ban sake komawa ba. Yanzu kuwa ni na fi kowa dariya.

Sai abin da bai yi mini ba. Bencin na 'yan aji ɗaya ne, in ka zauna gwiwarka na gaida haɓarka, tashi kuma sai an miƙo hannu. Allon ya koɗe, mu kuwa rabinmu da tabarau. Littafin ma na yara ne, kullum ga akuya ga ƙwallo. Mu takardar asibiti da saƙon banki ne damuwarmu. Mun yi ƙorafi, yanzu ranar Laraba kowa na zuwa da takardar da ta gagare shi. Kuɗin wata ba ya kai na mudun shinkafa biyu, wanda bai samu ba kuma ba a korarsa.

Mai sha'awa ya taho da ɗan matashin zama da fensir mai kauri.

Makon jiya ɗana ya ɗauke ni zuwa Zariya gaisuwa. Muna isa Kwanar Dangora na ce ya sassauta. Ya zaci alwala zan kama. Na ce a'a, allon can nake so in gama karantawa.