Sharhi kan Angels & Demons: na san ba tarihi ba ne, amma ya hana ni barci

Tsohon kwafi na saya a wurin masu baza littattafai a bakin titi, bangonsa har ya fara yagewa. Niyyata in riƙa karanta babi ɗaya ko biyu kafin in kwanta. Dare biyu kacal na yi da shi, a na biyun kuwa sai da aka kira assalatu sannan na rufe shafin ƙarshe.

Dan Brown ya fitar da littafin a 2000, aka mayar da shi fim a 2009. Fafaroma ya rasu, manyan limaman coci sun hallara a Vatican don zaɓen magajinsa, sai aka sace huɗu daga cikinsu, ana barazanar kashe ɗaya duk bayan awa guda. Ga kuma wani sinadari mai suna antimata da aka sato daga cibiyar binciken kimiyya ta CERN da ke kusa da Geneva, an ɓoye shi a fadar, zai tarwatse da tsakar dare. Wa ake zargi? Illuminati. Farfesa Robert Langdon ne ke bin sawu daga wannan coci zuwa wancan a birnin Rum.

Wani abokina ya ce ɓata lokaci ne, tunda rabin abin da ke ciki ƙarya ce. A kan tarihin dai yana da gaskiya. Littafin ya sa masanin taurari Galileo da masassaƙi Bernini cikin ƙungiyar, alhali Galileo ya rasu a 1642, Bernini a 1680. Ita kuwa Illuminati ta ainihi, wani malamin shari'a ne, Adam Weishaupt, ya kafa ta a Bavariya ta ƙasar Jamus ranar 1 ga Mayun 1776, kuma ba ta cika shekara goma ba hukuma ta haramta ta. Mutum ya shiga ƙungiyar da aka kafa kusan shekara ɗari ko fiye bayan an binne shi! Antimatar ma, abin da CERN ke iya samarwa bai kai ko kusa da na haɗa bam ba.

Na san duk wannan, kuma bai rage mini daɗin komai ba. Da muna yara, ba mu taɓa tsayar da kaka muna tambayar ko gizo yana magana ba. Gwanintar marubucin tana wajen jan zare: babi gajere, kowanne ya yanke daidai inda zuciya ta ɗaga. Wuraren kuma na gaske ne. Maɓuɓɓugar Koguna Huɗu da ke dandalin Navona tana nan, Bernini ne ya yi ta, kuma littafin nan ne ya sa na nemi hotunanta na zauna ina kallo.

Inda ya gaza a wurina shi ne mutanen labarin ba su da zurfi, sannan fitowar Langdon daga jirgi mai saukar ungulu ya faɗa kogin Tiber da ransa ta yi yawa ko a ƙagaggen labari.

Abin da ke damuna ɗaya ne: samarin da ke ɗauko irin waɗannan labarai su kafa hujja da su a Facebook kamar littafin tarihi. Shi ya sa da ƙanena ya zo aro, na rubuta masa shekarun nan uku a bayan bango, 1642, 1680 da 1776, na ce kada ya fara shi a daren da zai yi sammako.