Kafin Ka Sayi Dashen Tuffa: Wane Iri Ne Zai Yi, Kuma Wanne Ne Ba Tuffa Ba

Duk wanda ya yi niyyar dasa tuffa a ƙasarmu, ya fara da tambayar kansa irin sanyin da garinsu yake samu. Tuffa itaciyar ƙasashen sanyi ce, tana zubar da ganye ta yi barci, kuma ba ta farkawa ta yi fure sosai sai ta tara wasu awoyi na sanyin da ya kai digiri 7 ko ƙasa da haka. Shi ya sa wuraren da ake sa rai da ita a Najeriya su ne tuddai irin na Jos, mai tsawon kusan mita 1,200, da Mambila wadda ta fi shi tsawo da sanyi. Ko a can ɗin ba kowane iri ne yake yarda ba.

Tsofaffin irin Ingila su ne suka fi suna a bakin masu son tuffa ta gado. Bramley, wadda aka shuka ƙwallonta a Southwell a 1809, da Cox's Orange Pippin mai daɗin ƙanshi, dukkansu suna son dogon lokacin sanyi irin na Turai, kuma a nan ganye kawai za ka yi ta kallo. Granny Smith ta Ostareliya ta fi su haƙuri da ɗumi, amma ni ban ga dalilin sa kuɗi a kanta ba. Anna, wadda aka samar a Isra'ila, ita ce ta fi kowace sauƙi, domin awoyi 200 zuwa 300 na sanyi sun ishe ta, tana kuma haihuwa da wuri. Aibinta shi ne ɗanta ba ya ajiyuwa, kwanaki kaɗan bayan an tsinke sai cikinsa ya yi gari-gari, sannan tana buƙatar Dorsett Golden ta tsibiran Bahamas a kusa da ita don ƙudan zuma su haɗa furanninsu, in ba haka ba 'ya'yan su fito a tsuke, ba su cika ba.

Wadda nake ba kowa shawara a kanta ita ce Rome Beauty, kuma ba na ɓoye cewa ina sonta. Tsohon iri ce da ta fito daga jihar Ohio ta Amurka wajen 1817, ta samo sunanta daga wata gunduma mai suna Rome a bakin kogin Ohio, ba daga birnin Rum na Italiya ba. A lissafin manoman ƙasashen sanyi ba ta cikin masu ƙaramar buƙatar sanyi, kuma wannan ne yake sa wasu su kauce mata. Sai dai manoman Batu da ke tsaunukan gabashin tsibirin Jawa a Indonesiya, inda babu lokacin sanyi irin na Turai ko kaɗan, sun daɗe suna noma ta har su tsinka sau biyu a shekara. Dabararsu ita ce, 'yan makonni bayan an gama tsinkar 'ya'ya sai su zage ganyen itaciyar kakaf, tun kafin idanun rassan su shiga barci mai nauyi, su kuma tanƙwaro rassan su ɗaure su a kwance, sai idanun su fashe da sabon toho da fure kamar sanyi ne ya wuce. Aiki ne na hannu mai son kula da ruwa da taki, domin itaciyar da ba ta hutawa tana saurin gajiya, amma aiki ne da manomin Filato zai iya.

Ɗan Rome Beauty ja ne, babba, mai kaurin fata da taurin nama. Ban ce ya fi Anna zaƙi ba, don a ƙasarsa ma an fi saninsa a wajen gashi da dafawa. Abin da ya rinjaye ni shi ne yana jure ajiya da jijjigar mota, kuma wanda ya san yadda kaya suke isa Kano ko Kaduna daga Jos ya san darajar wannan. Tana kuma iya haihuwa ita kaɗai ba sai da abokiyar fure ba, abin da ya dace da mai 'yar farfajiya da ba zai iya dasa fiye da ɗaya ko biyu ba.

To amma duk wannan zaɓe banza ne idan abin da ke cikin ledar ba shi ne abin da aka faɗa maka ba, kuma a nan ne na taɓa ƙonewa. Na sayi dashe goma sha biyu a hannun wani mai sayarwa a bakin hanya, ya rantse mini cewa tuffa ce 'yar waje wadda ba ta jin zafi. Na haƙa ramuka, na zuba taki, na yi ta ban ruwa har rani ya wuce, sai ga ƙaya tana fitowa a gindin ganye. Magarya ce mai aure, irin ta Indiya. Ita kanta ba abar rainawa ba ce: cibiyar binciken ICRISAT da ke Sadore kusa da Yamai ta yaɗa ire-irenta kamar Gola, ana aura su a kan magaryar gida, a Nijar ana kiranta tuffar Sahel, kuma ga mutumin Sakkwato, Katsina, Maraɗi ko Damagaram ita ce ma zan ce ya saya maimakon ya wahalar da kansa. Abin da ya ɓata mini rai shi ne an sayar mini da ita da sunan da ba nata ba, a kan kuɗin da ba nata ba.

Ganye ne zai raba maka gardama. Ganyen magarya yana da manyan jijiyoyi uku da suka taso tare daga gindinsa, samansa yana sheƙi, ƙasansa fari-fari, rassanta kuma suna tafiya a karkace daga gaɓa zuwa gaɓa. Kada rashin ƙaya ya ruɗe ka, domin mai auren ƙayarta kaɗan ce, wasu kuma suna cire ta kafin su kawo kasuwa. Ganyen tuffa jijiya ɗaya gare shi a tsakiya, ƙanana suna rabuwa daga jikinta hagu da dama, bakinsa kuma kamar haƙoran zarto.

Ha'inci na biyu ya fi wannan wuyar ganewa, domin tuffar ce ta gaske. Mutum zai ci tuffar kasuwa, ya shuka ƙwallayen a leda, su tsiro, ya laƙaba musu sunan da ya ga dama, a 'yan shekarun nan galibi Wambugu ta Kenya saboda ita ake ta talla. Tuffa ba ta gadon uwarta ta hanyar ƙwallo, kowane ƙwallo sabon iri ne da ba wanda ya san halinsa, kuma za ka iya jiran shekara shida ko fiye ka ƙare da 'ya'ya ƙanana masu tsami. Saboda haka ka duƙa ka duba ƙasan karan da idonka, ka nemi tabon aure, wato ɗan kumburi ko lanƙwasa a inda aka haɗa reshe da gindi. Na ga inda aka naɗa leda a jikin kara lafiyayye don ya yi kama da mai aure, don haka ka sa a kwance maka ɗaya a gabanka. Ka tambayi sunan gindin da aka aura a kai: MM106 ya yaɗu kuma yana jure wata ƙwaruwa mai farin auduga da ke cin saiwa, amma gindinsa yana ruɓewa a ƙasar da ruwa ke kwanciya, M9 kuma gajere ne mai raunin saiwa, sai an kafa masa sanda. Ka nemi a kai ka ka ga uwar itaciyar da aka yanko reshen, da 'ya'ya a jikinta. Ranar dasawa kuma ka bar tabon auren a saman ƙasa da kamar faɗin tafin hannu, ka riƙa cire duk tohon da ya fito daga ƙarƙashinsa.