GARGAƊI: Mai sayar da IC na bogi ya cuce ni naira 46,000

Jama'ar Bauchi masu gyaran rediyo da ɗalibai masu haɗa aikin kammala karatu, ku ji abin da ya same ni. Naira 46,000! Shekara 14 ina riƙe da dalma a shagona kusa da Wunti, yau wani yaro a WhatsApp ya mayar da ni bagidaje.

IC, wato ƙaramin ƙwayar lantarki, mai lamba SA602 guda 10 na saya a wajensa, miksar rediyo da ke haɗa siginar eriya da ta osileta ta fitar da megahaz 10.7. Kuma wallahi ba da ka na tura kuɗin ba. Na gwada yaron da tambaya. Na ce eriyata om 50 ce, in haɗa kai tsaye? Ya ce, "A'a Maigida, bakin shigar IC ɗin wajen om 1,500 ne, sai ka sa taransifoma tsakani, in ba haka ba siginar za ta nutse cikin ƙara." Amsar daidai ce. Wa zai ji wannan ya yi zaton ɓarawo ne? Maigida! Har yanzu muryar tana kunnena.

Dare uku ina naɗa koyil ɗin taransifomar ina warwarewa, zagaye 2 a ɓangaren eriya, 11 a ɗaya ɓangaren, sai shuuu kawai, ko tasha ɗaya babu. Na zargi koyil, na zargi kebur, na zargi hannuna. Ɗalibin da ya ba ni aikin haɗa rediyon yana zaune a benci yana cewa "Baba, ko mu bari sai gobe?" Kunya kamar ƙasa ta tsage.

Af, kafin nan ma sai da mai sayarwar ya karɓi 6,000 kuɗin mota daga Legas, cikin 46,000 ɗin ne. Ranar Laraba kayan suka iso, ko Alhamis.

Sai a dare na uku na sa mita. IC na gaske wutar miliyam 2 da ɗan wani abu yake ja. Wannan ko motsi. Na ɗiga tina na goge bayansa da auduga, rubutun lambar ya goge tas. Duka goman haka. Na kira mai sayarwar, ya toshe ni.

46,000, kuɗin da rabinsa na ɗalibin ne.

Hotunan hirarmu da rasit suna nan, zan ɗora su da daddare. Kar ku biya kafin kaya su zo hannu, kuma ku sa mita a guda ɗaya kafin ku liƙe sauran.