Wata biyu ina ajin motsa jiki cikin ruwa mai zurfi, ga abin da na gani

Ni dai gwiwa ce ta kai ni, ba sha'awa ba. Duk sanda na ce bari in ɗan taɓa gudu da safe sai na kwana biyu ina hawa bene kamar wani tsoho, shi ne wani abokina ya ce in gwada ajin da ake yi a wurin ninkaya, can ɓangaren da ƙafa ba ta taɓa ƙasa. Ni da iyo ma da ƙyar nake yi.

Ranar farko aka ɗaura min bel na soso a ƙugu, shi ke riƙe mutum a tsaye, ruwa iya kafaɗa, kai a waje. Wallahi minti goma na farko ba motsa jiki nake ba, tsoro nake ji, sai rarumar gefe nake. Kocin ya iya aikinsa kam, bai bar ni ba sai da na saki jiki, kuma maganarsa ɗaya ce kullum: miƙe bayanka, tsuke ciki, kar ka kifa gaba. Da na ɗauka surutu ne, ashe nan duk aikin yake, don in ka kifa sai ka koma kana facal-facal kamar ɗan kwikwiyo a ruwa, ka gama minti 45 ba ka yi komai ba. In ka miƙe kuwa, ka ɗaga gwiwa kana gudu a wuri ɗaya, ka koma tuƙa keke, ka buɗe ƙafa ka rufe, a ba ka waɗannan dambel ɗin na soso ka riƙa danna su ƙasa suna ƙoƙarin tasowa, to a nan za ka san ruwa ba abokin wasa ba ne. Ya fi iska kauri kusan sau 800, duk inda ka kai hannu sai ka ture shi, ka dawo ma ka ture shi, kuma iya saurinka iya taurinsa.

Abin da ya fi burge ni, haki nake sosai amma gwiwar ko ƙorafi, tunda ba inda take dukan ƙasa. Sau uku nake zuwa a sati, minti 135 kenan, in ƙara da ɗan tattaki in cike minti 150 na motsa jiki da Hukumar Lafiya ta Duniya ke cewa a riƙa yi duk sati. Yanzu bene hawa uku ba ya tsayar da ni. Tumbi kuwa yana nan daram, kar in yi muku ƙarya, sai ɗan sassauci a wando, don yunwar da ake fitowa da ita daga ruwan nan ba ta wasa ba ce.

Mai agogon auna bugun zuciya kar ya ruɗe, a ruwa bugun yana yin ƙasa da na tudu ko da wahalar ɗaya ce, gara ka auna da numfashinka. Kuma a zo da gorar ruwa, ana gumi a ciki, ba a dai gani ne. Fitsari ma zai riƙa matsa ka, haka jiki ke yi in ya daɗe a ruwa.

Inda suka gaza: mun yi yawa. Ajin yamma sai ka kai wa na kusa da kai shuri, kuma koci ɗaya ba zai iya gyara wa kowa tsayuwa ba. Wasu bel ɗin sun sha jiki, nawa ya taɓa sulɓewa ya hau min har hammata, na sha ruwa mai kulorin ban shirya ba. Fata ma na bushewa in ba ka yi wanka ka shafa mai nan take ba.

Mai ciwon gwiwa ko ƙiba ko wanda ke murmurewa daga targaɗe, ina ganin zai ji daɗinsa, mai ciwon zuciya ya fara jin ta bakin likita. Ƙashi dai ba ya samun ƙarfi irin na tudu, shi ya sa ban daina tattaki ba. Na sake biyan na wata mai zuwa, amma na koma ajin safe kuma zan sayi bel nawa.