Python 3 da haruffanmu masu ƙugiya

Aikin da na ba Python 3, yaren rubuta shirin kwamfuta, shi ne gyara jerin sunayen ɗaliban wata makaranta, wanda mutane daban-daban suka buga a kwamfuta, kowa da yadda ya ga dama. Ya yi mini aikin, kuma na gamsu, sai dai akwai wuraren da sai da na sa hannu da kaina.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda ajin str, wato nau'in da Python ke riƙe rubutu da shi, ya ɗauki ɓ, ɗ, ƙ da ƴ a matsayin cikakkun haruffa. Tun fitowar Python 3 a 2008, duk rubutun da ke cikinsa Unicode ne, wato tsarin da ya ba kowane harafi lambarsa. Ka tambayi len, umarnin auna tsawo, tsawon kalmar "ƙasa", zai ce 4, duk da cewa a UTF-8, tsarin adana haruffan Unicode a fayil, harafin ƙ kaɗai bayit (ma'aunin wurin ajiya a kwamfuta) biyu yake ci. Ka kira upper a kan "ɗanɗano", ya ba ka "ƊANƊANO" da ƙugiyoyinsa cif. Duk wanda ya sha fama da Python 2, wanda aka daina kula da shi a farkon 2020, ya san wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne. Da replace, umarnin musanya rubutu, na mayar da 'y na rubutun Nijeriya zuwa ƴ na Nijar cikin layi ɗaya. Sai dai a kula, replace sabon rubutu yake dawowa da shi, na asali yana nan yadda yake, don haka dole ka adana sakamakon.

Inda ya gaza kuwa shi ne jerantawa. Shi sorted, umarnin jerantawa, lambar Unicode ta kowane harafi yake bi, saboda haka Ƙasimu ya faɗo bayan Zainab, can ƙarshen takarda, alhali malami bayan K zai neme shi. Sai da na rubuta jerin haruffan Hausa na miƙa masa ta key, inda ake faɗa masa tsarin da zai bi. Shi ma title, umarnin da ke mayar da harafin farko na kowace kalma babba, bai san hamza ba: "sa'adatu" ya mayar da ita "Sa'Adatu". Wannan ya dame ni, domin sunan mutum ba abin wasa ba ne a takardar shaida.

Masu Windows kuma su riƙa sa encoding="utf-8" duk lokacin da za su buɗe fayil, in ba haka ba ƙ ɗaya tak na iya tsayar da shirin. Ɗalibin da zai yi aiki da rubutun Hausa, da Python 3 zan ce ya fara, amma ya tanadi nasa tsarin jerantawa tun ranar farko.