Kafin ka sayi na'urar sauti ta USB don Linux a Damagaram

Mai shago a Kasuwar Dole zai ce maka "tana aiki da kowace kwamfuta". Ba ƙarya yake ba, Windows kawai ya sani. Kai da ke kan Ubuntu ko Debian, abu ɗaya za ka nema a jikin kwali: "class compliant". Ma'anarsa na'urar na bin ƙa'idar USB Audio Class, ta farko ta 1998 ko ta biyu ta 2006, kuma direban snd-usb-audio, manhajar da ke tafiyar da irin waɗannan na'urori cikin Linux, zai gane ta kana soka ta. Wadda sai an saka mata faifan direba, bar masa kayansa.

Mafi araha ita ce ƴar mitsitsiyar nan mai ramuka biyu, kore na kunne, ruwan hoda na makirufo. Da yawansu guntun C-Media ne a ciki. Ka buga umarnin lsusb a tagar Terminal, za ka ga 0d8c, lambar kamfanin C-Media. In ramin sautin kwamfutarka ne ƙura ta kashe, ta wadatar. Ɗaukar murya kuwa, tana da shuuu a ƙasa, ba ta yi wa mai shirin rediyo ba.

A nan nake fifita makirufon USB na dinamik, irin Samson Q2U, a kan na kondensa. Kondensa kunnen zomo gare shi: fanka, injin wutar maƙwabci, kabu-kabun da ya wuce ta Zango, duk sai ya kwaso. Wa zai kashe fanka a watan Afrilu don ya ɗauki wa'azin rabin awa? Na dinamik bakinka kawai yake ji, in ka matso shi kamar yatsu uku. Q2U yana da ramin XLR ma, mai ƙafa uku irin na makirufon situdiyo, gobe in ka sayi mahaɗin sauti ba ka yi asara ba.

Masu ɗaukar kiɗa su dubi akwatin sauti na USB, wanda ake soka wa makirufo ko kayan kiɗa. Behringer UMC22 ba ya wuce bit 16 da kilohaz 48 a ingancin ɗauka, amma yana ba da wutar 48V da makirufon kondensa ke buƙata. Focusrite Scarlett 2i2 ya fi shi tsabta da tsada, kuma tun Linux 6.7 direban saitunansa a kunne yake zuwa. Dukansu daga USB suke shan wuta, tsohon rami kuma miliamfa 500 yake bayarwa, don haka kada ka bi ta mai raba ramuka marar caja.



Je shagon da kwamfutarka. Soka, buga arecord -l, ka ga sunanta ya fito. In shiru, buɗe alsamixer, danna F6 ka zaɓe ta. Sau da yawa MM ce a ƙasa, alamar an rufe sautin, harafin M zai buɗe bakinta. Ka ɗauki "assalamu alaikum", ka saurara da kunnenka, sannan ku shiga ciniki.