Altimitar iska da ta rediyo: wacce ta fi faɗin gaskiya?

Ɗan'uwa, ka tambaya: tun da duka biyun tsayi suke aunawa, me ya sa jirgin sama yake ɗauke da altimita iri biyu, kuma wacce ta fi daidai? Kowacce gaskiya take faɗi, sai dai ba daga wuri ɗaya suke fara ƙirge ba.

Ta iska ba ta san inda ƙasa take ba ko kaɗan. Matsin iska take aunawa. A cikinta akwai wasu 'yan gwangwanaye na ƙarfe marasa kauri, an zuƙe iskar cikinsu an liƙe. Idan jirgi ya yi sama, iskar waje ta yi sauƙi, sai su kumbura su tura allura. Idan ya sauko, su matse. A kusa da doron teku, duk hawan kusan ƙafa 30 matsin yana raguwa da hektofaskal 1 (ma'aunin matsin iska ke nan), kuma da wannan lissafin aka zana fuskar agogon.

Matsalar ita ce iska ba ta zama wuri ɗaya, matsinta na safe ba shi ne na yamma ba. Shi ya sa akwai 'yar taga a jikin agogon, wadda ake kira da sunan Paul Kollsman, mutumin da ya ƙera ingantacciyar altimita a 1928. Ma'aikacin hasumiya zai karanto wa matuƙi adadin matsin wurin da aka lissafa zuwa doron teku, wato QNH, shi kuma ya murza maɓalli har lambar ta fito a tagar. Kuskuren hektofaskal 10 a nan ya kai kusan ƙafa 300, kuma wallahi wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mai sauka cikin hazo. Tsananin sanyi ma yana ruɗinta, ta nuna jirgi ya fi inda yake tsayi.

Ta rediyo kuwa ba ruwanta da yanayin iska. Daga ƙarƙashin jirgi take harba igiyar rediyo, tsakanin gigahaz 4.2 da 4.4, ta bugi ƙasa ta dawo, sai na'urar ta lissafa nisan daga jinkirin dawowar. Yawanci ƙafa 2,500 zuwa ƙasa take aiki. Daga gare ta muryar nan da ke ƙirga hamsin, arba'in, talatin ga matuƙi dab da sauka take samun adadinta.

Ɗauki jirgin da ke tsaye a filin da ya ɗara teku da ƙafa 1,500. Ta iska za ta nuna 1,500, ta rediyo sifili. Ya tashi ya daidaita a ƙafa 10,000, ya ratsa kan dutse mai ƙafa 8,000: allurar ta iska ba za ta motsa ba, ta rediyo za ta ce 2,000.

A ganina, can sama ta iska ce ke da aiki, don a nan abin da ake tsoro karo da wani jirgi ne. Kowa yana sa adadi ɗaya, hektofaskal 1013.25, a tagarsa, saboda haka ko an kauce wa ainihin tsayi, tare aka kauce, tazarar da ke tsakanin jirage tana nan. A Amurka daga ƙafa 18,000 ake komawa wannan adadi. Idan an zo sauka sai a ƙara da ta rediyo, amma a tuna ƙarƙashinta kawai take kallo, dutsen da ke gaban jirgi ba ta ganinsa.